Talla ya ce mutum ɗaya cikin huɗu yana ci: mene ne gaskiyar lissafin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Bauchi nake. Ƙanena yana tuƙa keke napep tsakanin Wunti da Yalwa, kuma ya faɗa harkar loto da bet ta waya. Hukuncin addini kowa ya sani, an yi masa nasiha har an gaji. Kullum tallan yake kare kansa da shi: wai an rubuta mutum ɗaya cikin huɗu yana ci, wai idan ka yi fam, wato ka haɗa lambobi da yawa a tikiti ɗaya, damarka tana ninkuwa, wai akwai masu ba da lambar shuwa, wato wadda tabbas za ta fito. Ina so a warware mini lissafin, don in zaunar da shi da hujja a hannu.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka maka da alheri kan wannan kulawa da ɗan'uwanka. Tunda ka ce maganar hukunci an gama ta, kuma ayoyin Suratul Ma'ida na 90 da 91 ba su bar wani lungu ba, zan tsaya kan lissafi kawai.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, yawancin alƙaluman da ke cikin tallan kamfanonin caca masu rajista ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Da ƙarya ce da an huta, domin ƙarya saurin kamuwa gare ta. Abin da suke yi shi ne su ba ka amsa ta gaskiya ga tambayar da ba ita ka yi ba. Hoton da ke jikin allon mota ce ko miliyoyin naira, amma adadin da aka rubuta a ƙarƙashinsa na ƙaramar kyauta ne. Ido ya ga mota, kunne ya ji ɗaya cikin huɗu, zuciya ta haɗa su. Saboda haka duk tallan da ƙanenka ya nuna maka, alƙaluma uku za ka nema: mece ce yiwuwar cin wannan kyautar da ke cikin hoton ita kanta, nawa ake biya idan an ci, kuma a cikin kowace naira 100 da jama'a suka zuba nawa ke komawa hannunsu. Na ukun shi ne wanda da wuya ka gan shi a talla, alhali shi ne ke bayyana inda kuɗin ƙanenka ke tafiya.

Mu fara da wasan da ya fi yaɗuwa a Najeriya da Gana, wato 5/90, wanda a titi ake kira Baba Ijebu. Ana zuba ƙwallaye 90 masu lamba 1 zuwa 90 a inji, a fitar da biyar. Mai wasa yana zaɓen lamba biyu, ko uku, ko huɗu, ko biyar, kuma sai duk waɗanda ya zaɓa sun fito cikin biyar ɗin nan sannan ya ci. Lissafin ba ya buƙatar komai sai kalkuletar waya. Ɗauki na lamba biyu, wanda suke kira tu-shuwa. Lambarka ta farko tana da gurbi 5 cikin ƙwallaye 90. Idan ta fito, ta biyun tana da gurbi 4 cikin ƙwallaye 89 da suka rage. Ka ninka 5 da 4 ka sami 20, ka ninka 90 da 89 ka sami 8,010, ka raba 8,010 da 20. Amsar ita ce 400.5. Wato sau ɗaya cikin kusan 400. Na lamba uku, ka ci gaba da ninka na sama da 3, na ƙasa da 88: za ka sami 60 da 704,880, wanda ya ba da ɗaya cikin 11,748. Na lamba huɗu ɗaya ne cikin 511,038. Na lamba biyar kuwa ɗaya ne cikin 43,949,268.

Wannan adadi na ƙarshe ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwa ta riƙe shi, shi ya sa mai talla ba ya tsoron sa. Ka kwatanta wa ƙanenka haka: a jera ƙwayoyin dawa ɗaya bayan ɗaya a gefen titi, daga Bauchi, a haye gadar Dindima, a wuce Alkaleri, har a shiga Gombe. Ƙwayar dawa kimanin milimita uku da rabi ce, hanyar kuma kimanin kilomita 150 ce, don haka ƙwayoyin za su kai wajen miliyan 43. A shafa wa ƙwaya ɗaya tak jan fenti, a ɗaure masa ido, a ce ya tsayar da kekensa inda ya ga dama ya sunkuya ya ɗauki ƙwaya ɗaya. Yiwuwar ya ɗauko mai fentin ita ce yiwuwar cin lamba biyar.

To, wahalar ci ita kaɗai ba ita ce zambar ba. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin wahalar da abin da ake biya. Teburin biyan da aka fi sani a 5/90 yana ninka kuɗinka sau 240 a lamba biyu, sau 2,100 a lamba uku, sau 6,000 a lamba huɗu, sau 44,000 a lamba biyar. Ka duba bayan tikitinsa ko manhajar da yake amfani da ita, idan nasu ya bambanta ka sa nasu a lissafin, hanyar ɗaya ce. Da wasan adalci ne, abin da ake ci sau ɗaya cikin 400 sai a biya shi ninki 400. Ana biyan 240. Ka raba 240 da 400.5, za ka ga naira 60 ce ke komawa ga 'yan wasa cikin kowace naira 100, naira 40 kuma ta tafi ga kamfani da kamashon ejan da haraji. A lamba uku, 2,100 a raba da 11,748, naira 18 ce ke dawowa. A lamba huɗu naira ɗaya ce da 'yan kwabbai. A lamba biyar kwabo goma ne cikin naira 100. Ka lura da yadda abin yake tafiya: duk yadda kyauta ta ƙara girma a ido, haka cinikin yake ƙara muni. Kuma babbar kyautar ita ake bugawa da manyan haruffa, saboda naira 100 ta zama miliyan huɗu da dubu ɗari huɗu ya fi daɗin ji a rediyo fiye da naira 100 ta zama dubu ashirin da huɗu.

Yanzu mu sauko kan aljihun ƙanenka. A ce kullum yana sa naira 200 a tu-shuwa, wanda shi ne mafi sauƙin cuta a cikinsu. A shekara ya zuba naira 73,000, fiye da mafi ƙarancin albashin wata na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ci ɗaya yana ba shi naira 48,000. Wato ko ya ci sau ɗaya a shekarar, yana cikin asarar naira 25,000, sai ya ci sau biyu kafin ya ga riba. Idan ka tara mutum 100 masu irin wannan wasa, lissafi ya nuna kimanin 40 za su ƙare shekara ba su ci ko sau ɗaya ba, kimanin 37 za su ci sau ɗaya su fita da asara, kimanin 23 ne za su ga riba. Waɗannan 23 ɗin su ne ake jin labarinsu a majalisa da tashar keke, domin wanda ya ci shi ke magana, wanda aka cinye shiru yake yi. Idan suka ci gaba har shekara goma, kowa ya zuba naira 730,000, kuma sai ya ci sau 16 kafin ya haura uwar kuɗinsa. Waɗanda za su kai haka ba su cika 3 cikin 100 ba. Daɗewa a cikin wasan ba ta kusantar da mutum ga riba, tana kusantar da shi ne ga asarar kashi 40 ɗin nan da aka gina wasan a kanta.

Sai maganar ɗaya cikin huɗu. An fi ganin irin wannan a katin kankarewa da wasannin nan na take-yanke a waya, kuma dabara biyu ce a ciki. Ta farko tana cikin ma'anar ci. Idan ka sayi kati na naira 200 aka mayar maka da naira 200, ko aka ba ka wani katin kyauta, a lissafinsu ka ci. Mafi yawan masu cin da ake ƙirgawa a nan suke, kuma kusan dukkansu a take suke mayar da kuɗin su sayi wani katin. Ta biyu ita ce yadda kunne ke fassara maganar: mutum yana jin cewa idan ya sayi huɗu dole ɗaya ya ci. Ba haka ba ne. Kowane kati yana da yiwuwar faɗuwa uku cikin huɗu. Ka ninka 0.75 da kansa sau huɗu, za ka sami 0.32. Wato kusan mutum ɗaya cikin uku da suka sayi kati huɗu ba zai ga ko kwabo ba.

Wannan salo ba a nan aka fara shi ba, manyan ƙasashe ma haka suke yi. A Oktoban 2015 loton ƙasar Birtaniya ya ƙara ƙwallayensa daga 49 zuwa 59. Cin babbar kyauta ya tashi daga ɗaya cikin 13,983,816 zuwa ɗaya cikin 45,057,474, ya ninka wahala fiye da sau uku. Amma a lokaci guda aka ƙirƙiro sabon matakin ci: duk wanda lambobinsa biyu suka fito za a ba shi tikitin kyauta. Da wannan sai yiwuwar cin wani abu ta koma kusan ɗaya cikin tara, daga ɗaya cikin 54, kuma wannan adadin aka riƙa nuna wa jama'a. Duka alƙaluman biyu gaskiya ne, an dai zaɓi wanda za a ɗaga. Loton Powerball na Amurka ma yana cewa ɗaya cikin 24.9 yana cin wani abu, alhali mafi yawan wannan cin dala 4 ce a kan tikitin dala 2, babbar kyautar kuwa ɗaya ce cikin 292,201,338.

Fam shi ne ya fi ruɗar masu ganin sun iya lissafi, don haka bari in daɗe a kansa. A fam-tu, maimakon lamba biyu sai ka zaɓi lambobi da yawa, inji ya haɗa maka su bibbiyu ta kowace fuska, kowane haɗi ya zama layi guda da kake biya. Lamba 5 tana ba da layi 10, lamba 10 tana ba da layi 45. A naira 10 kowane layi, fam na lamba 10 naira 450 ne. Gaskiya ne yiwuwar ganin ci ta ƙaru sosai: aƙalla biyu daga cikin lambobinka goma za su fito kusan sau ɗaya cikin 11. Abin da tallan ya tsallake shi ne, idan biyun suka fito, layi ɗaya ne ya ci cikin 45, kuma ba naira 450 za a ninka sau 240 ba, naira 10 ta wannan layin za a ninka. Za a ba shi naira 2,400. Wasa 11 a naira 450 ya kama naira 4,950. Ko an haɗa da ranakun da lamba uku suka fito aka biya layi uku, matsakaicin abin da ke dawowa naira 270 ne cikin kowace 450, wato kashi 60 ɗin nan dai bai motsa ba. Haka banka take: ka tsayar da lamba ɗaya ka haɗa ta da sauran 89, layi 89, naira 890. Lambar tana fitowa sau ɗaya cikin 18, layi huɗu su ci, a biya naira 9,600. Amma 890 sau 18 naira 16,020 ne. Fam bai rage wa kamfani ko sisi ba. Abin da ya canza shi ne mutum yana ganin ci a kai a kai, ga kuɗin da yake zubawa a rana ya ninku, wannan kuma shi ne ainihin abin da ke ɗaure ɗan caca. A ganina fam ya fi tu-shuwa haɗari ga mai ƙaramin ƙarfi saboda wannan dalilin.

Akwai kuma allon tsoffin sakamako da ake mannawa a shagunan loto ko ake turawa a guruf, ana nuna lambobin da suka yi zafi da waɗanda suka daɗe ba su fito ba, wai lokacinsu ya yi. Ƙwallo ba ta da tunani, ba ta san jiya ta fito ko ba ta fito ba. Kowace lamba tana da yiwuwar ɗaya cikin 18 a kowane zagaye, ko jiya ta fito ko ta shekara ba a gan ta ba. Yiwuwar wata lamba ta yi zagaye 50 a jere ba ta fito ba kusan kashi 6 ne cikin 100, saboda haka cikin lambobi 90, a kowane lokaci za ka sami wajen biyar da suka yi irin wannan ɓatan. Ba alamar komai ba ce, haka sa'a tsantsa take kama. A Bulgeriya, a Satumban 2009, lambobi shida iri ɗaya sak suka fito a zagaye biyu a jere, ranar 6 da ranar 10 ga wata. A Afirka ta Kudu, a Disamban 2020, aka fitar da 5, 6, 7, 8, 9 da 10, mutum 20 suka raba babbar kyautar. Duk wanda ke bin allo da tuni ya soke waɗannan lambobin a matsayin waɗanda ba za su yiwu ba.

Masu sayar da lambar shuwa kuwa, ga yadda sana'arsu ke tafiya. A cikin lambobi 90 ana iya haɗa bibbiyu ta hanya 4,005. A kowane zagaye, biyar ɗin da suka fito suna ba da haɗi 10 masu ci. Idan mutum yana da mabiya 4,005 a WhatsApp ko Telegram ya tura wa kowa haɗi dabam, tabbas mutum goma za su ci, a kowane zagaye, ba tare da ya san komai ba. Goman nan su ne za su turo hoton tikiti da addu'a, su ne kuma za su biya kuɗi mai tsoka don lamba ta gaba. Sauran 3,995 za a ce musu su ƙara haƙuri ko su shiga rukuni na musamman. Wasu ma ba sa wahalar da kansu haka: sai sakamako ya fito su gyara tsohon saƙo, ko su haɗa hoton tikiti a kwamfuta. Tambaya ɗaya ta ishe su. Wanda ya san lambar da za ta ninka kuɗi sau 240, me zai yi da naira dubu biyun ƙanenka?

Bet na ƙwallon ƙafa yana da nasa salon, domin a nan mutum yana jin iliminsa na ƙwallo yana aiki. Ɗauki wasan da ɓangarorinsa biyu suke kunnen doki. Adalci shi ne od, wato ninkin da ake biya idan an ci, ya zama 2.00 kowane gefe, amma za ka ga 1.90 da 1.90. Wannan ɗan gibin shi ne ribar kamfani, kusan naira 5 cikin 100. A wasa ɗaya bai yi yawa ba. Amma tallan ba wasa ɗaya yake so ka buga ba, dogon tikiti yake so, har da ƙarin garaɓasa ga wanda ya jera wasanni da yawa. Dalili shi ne gibin yana ninkuwa da kowane wasa da ka ƙara. Wasa goma irin wannan, yiwuwar su shiga duka ɗaya ce cikin 1,024, abin da za a biya kuma ninki 613 ne. Naira 5 ta zama naira 40. A wasa ashirin ta haura naira 60. Garaɓasar da ake ƙarawa wani yanki ne na wannan gibin ake mayar maka.

Ka kuma saurari kalmar da ƙanenka zai fi yawan faɗa: wasa ɗaya ne ya yanka min tikiti. Yana faɗin haka ne a matsayin shaidar ya kusa. A tikitin wasa goma na kunnen doki, hanya ɗaya ce tak ta cin duka, amma hanya goma ce ta faɗuwa da wasa ɗaya, don haka saura ƙiris ya ninka ci sau goma wajen yawan faruwa. Ko a tikitin manyan ƙungiyoyi da ake kira shuwa, inda kowane wasa ke da yiwuwar shiga kashi 80, goma su shiga duka kashi 11 ne kawai, tara su shiga ɗaya ya yanke kuma kashi 27. Saura ƙiris ba kusantar ci ba ce, ita ce sakamakon da tsarin ya fi haifarwa, kuma ita ke sa a sake loda kuɗi da safe.

Garaɓasar kamfanonin waya da bankuna da lemon kwalba ta ɗan bambanta, tunda a nan yiwuwar ci ta dogara ne da yawan waɗanda suka shiga, kuma wannan adadi da wuya a faɗe shi. Ba tare da shi ba, kalmar ninka damarka ba ta da ma'ana. Misali, idan shiga miliyan biyu aka tara kan mota ɗaya, wanda ya tura saƙo biyu ya tashi daga ɗaya cikin miliyan biyu zuwa ɗaya cikin miliyan ɗaya. An ninka ɗin da gaske, an kuma ninka abin da aka cire masa. In kowa ya ninka nasa, kowa ya koma inda yake. A irin wadda ake tara haruffa a ƙarƙashin marfin kwalba, haruffan ba daidai ake buga su ba: guda ɗaya ake ƙarantawa, sauran a cika kasuwa da su, shi ya sa kowa a unguwa yake neman harafi iri ɗaya. Ka kula da kalmar har zuwa, kamar a ce ka ci har zuwa miliyan goma, domin naira 100 ma tana cikin har zuwa. Haka in an ce mun raba wa jama'a miliyan kaza a wannan wata, tambayar ita ce nawa aka karɓa kafin a raba. Mafi munin su ita ce wadda ake shiga da danna lamba ɗaya, daga nan a riƙa cire naira 50 ko 100 kullum daga katin waya har sai mutum ya fita da kansa. Don rufe saƙonnin talla, a tura STOP zuwa 2442. Idan ana cire kuɗi ba da yardarsa ba, ya fara kai ƙara wurin kamfanin layin, in ba a gyara ba ya kira 622, layin ƙorafi na hukumar sadarwa ta NCC.

Ta fuskar doka, an daɗe ana aiki da dokar loto ta ƙasa ta 2005 da hukumar da ta kafa. A ranar 22 ga Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara harkar loto da caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya ba ta wuce Abuja ba. Don haka tambarin lasisin da ke jikin talla ba ya nufin an halatta abin a Bauchi, wadda ke cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2001. Lasisi ma, ko na ina ne, ba ya nufin cinikin yana da kyau ga mai saye: kamfani zai iya bin doka sau da ƙafa, ya juya injinsa a gaban kowa, ya biya duk wanda ya ci, kuma ya riƙe naira 40 ɗinsa. Tallan da ya yaudari jama'a ana iya kai ƙararsa ga ARCON, hukumar da dokar 2022 ta ɗora wa tantance tallace-tallace kafin a sake su, ko ga FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. A ɗauki hoton tallan yadda yake, da ranar da aka gan shi, da sharuɗɗan da ke cikin ƙananan rubutu. Saƙon da ke cewa ka ci kyauta a gasar da ba ka shiga ba, ka turo kuɗin rajista ko BVN ko lambar sirrin da aka turo maka, wannan ba ya cikin lissafin da muke yi, damfara ce kai tsaye.

Ranar da za ka zauna da shi, Malam, kada ka fara da miliyan 43, zai ce ai wani yana ci, kuma gaskiyarsa ne. Ka fara da nasa alƙaluman. Ku buɗe tarihin asusunsa a manhajar bet ɗin da na bankinsa na wata uku da suka wuce. Ku ja layi a takarda, gefe ɗaya duk abin da ya tura daga banki ko ta POS zuwa manhajar, ɗaya gefen abin da ya ciro ya dawo bankinsa. Kada ku ƙirga cin da ya bari a ciki ya sake bugawa, domin wannan bai taɓa zama kuɗinsa ba, kuma a nan ne yawancin mutane ke ruɗin kansu. Shi zai riƙe biro, shi zai haɗa jimla, kai ka yi shiru. Bayan nan ka ba shi kalkuleta ya raba 8,010 da 20 da hannunsa, ya kwatanta da 240. Abin da mutum ya lissafa da kansa ya fi zama masa fiye da abin da yayansa ya faɗa.

Ka kuma sa ido kan alamun da ke nuna abin ya wuce ruɗin talla: yana taɓa kuɗin balas na mai keke, yana cin bashi don ya rama abin da aka cinye, yana ɓoye waya, yana fushi idan bai buga ba. Idan an kai nan, lissafi shi kaɗai ba zai cire shi ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtukan da ake yi wa magani. Sai a haɗa da matakai na zahiri: a rufe asusun bet ɗin ta hanyar neman kamfanin ya dakatar da shi, a goge manhajar, a fitar da shi daga guruf-guruf ɗin masu ba da lamba, kuɗin da ya samu a yini ya riƙa shiga hannun wanda ya yarda da shi ko adashe kafin dare, sannan a kai shi ya ga likita a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke nan cikin Bauchi. Bashin da ya ci kuma a rubuta shi duka, a tsara biyansa kaɗan-kaɗan daga aikin keken, kada wani ya biya masa a dunƙule, domin wanda aka share wa bashi a rana ɗaya yakan koma da sabon jari.